Minti Shida a Kan Ƙafar Yaya

Ranar da na fara ganin ƙafar Yaya da kyau, ni ce sila. Na bar dutsen guga a kan rigar mutane na tafi amsa waya, hira ta yi daɗi, sai ji na yi ƙararrawar gobara ta cika ginin. Ina cikin korar hayaƙi da tsumma aka buga ƙofata. Da na buɗe sai ga dattijuwar nan da kowa ke ce wa Yaya, wadda ke wuni a ɗan ɗakin bakin ƙofar shiga, ta dafa bango tana haki, makulli rataye a wuyanta. Ƙafarta ta hagu naɗe take da bandeji, a cikin silifas ɗin da aka tsaga wa baki don ya ɗauke ta.

"Mai ɗinki, wuta ce?"

"Riga ce kawai, Yaya, na ma cire wayar. Ki yi haƙuri."

"Matsa in gani da idona."

Ta shiga, ta taɓa teburin guga, ta leƙa kicin, ta ɗaga labule, sannan ta ja ƙafa zuwa wani ɗan akwati da ke jikin bangon baranda, ta zura makulli ta murɗa. Ƙarar ta ɗauke. Sai a lokacin ta zauna a kan matakala, na ga bandejin ya jiƙe ta wajen babban yatsa. A hawa na bakwai nake. Duk wannan matakalar ta tako saboda ni da surutuna.

Bari in faɗi yadda abin yake, kada a ce na yi wa wani ƙage. Gininmu hawa takwas ne, gidajen ciki sun fi sittin. Ƙararrawar da aka saka mana ba ta san bambancin gobara da burodin da ya ƙone ba. Tururin wanka, hayaƙin taba, albasa a cikin mai, duk ɗaya ne a wurinta, kuma da ta yi kuka kira ya tafi ofishin 'yan kwana-kwana. A wata guda sai da suka zo sau tara, suka koma ko tiyo ba su warware ba. Daga ƙarshe shugabansu ya ce wa masu ginin, lokacin da suke nan suna shaƙar ƙaurin tukwanenmu, wataƙila wani gidan na ci da wuta a wata unguwa. Gaskiya ya faɗa. Sai aka fito da tsari: a ajiye mutum mai horo a gaban allon ƙararrawar. In ta yi kuka, allon ya nuna lambar gidan, mutumin ya danna maɓallin da ke nuna an ji, na'urar ta ba shi minti shida ya hau ya duba. In ba wuta ba ce, ya murɗa makulli a akwatin wannan hawan. In minti shida ta cika ba a murɗa ba, kira ya tafi da kansa. Lif kuwa, da ƙararrawa ta tashi sauka yake yi ƙasa ya buɗe baki ya tsaya, sai dai matakala.

Tsarin ba shi da aibu. Aibun yana gidan Mai Makulli.

Shi ne mai kula da ginin, aikin da ya zo masa da gida mai ɗaki uku a ƙasa. Sunan ya samo shi ne daga tarin makullan da ke kaɗawa a ƙugunsa, tun daga kwana ake jin tafiyarsa. Shi aka tura horon kwana biyar, shi ya dawo da takardar shaida aka sa ta a gilashi aka rataye sama da allon, da hotonsa yana murmushi. In yamma ta yi akwai mai gadi mai horo da ke karɓa, wunin ne na Mai Makulli. Sai dai Mai Makulli na da wata sana'ar ta gyaran famfo a cikin gari, kuma ba shi da niyyar sakinta. Ya waiga cikin gidansa ya ga yayarsa, wadda ta goya shi ta raine shi, tana zaune ba ta zuwa ko'ina. A tsaye ya koya mata maɓallan, ya rataya mata makulli a wuya, ya ɗauki jakar kayan aikinsa. Daga bakwai na safe zuwa bakwai na yamma hotonsa ne a bango, ƙafar Yaya ce a matakala. Ita kuwa har yau Auta take ce masa, da furfurar gemunsa da komai.

Kunya ce ta fara kai ni ɗakin allon. Na riƙa sauka da aikin hannu, ina sa maɓallin riga muna hira. Ɗakin bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba: kujerar roba, fanka mai ƙugi, littafin da ake rubuta kowane kukan ƙararrawa. Yaya ke faɗa, da yamma Mai Makulli ya rubuta ya sa hannu.

Wata nas da ke zaune a hawa na biyu ita ke wanke mata ƙafar in ta taso daga aiki. Ina wurin ranar da ta warware bandejin ta duba mikin.

"Yaya, kin san ciwon suga ba ya wasa da miki. Makon jiya kamar ƙwayar wake yake, yau dubi. Sau nawa kika hau?"

"Jiya sau biyu. Yau ɗaya tak, hawa na huɗu."

"Ko ɗaya bai kamata ba. Ƙafar nan ɗagawa take so a kan matashi, kada ta taɓa ƙasa sai dole. In kika ci gaba da taka ta, ba ni zan yi magana ba, likita ne zai yi da wuƙa."

Yaya ta yi dariya. "To ki rubuta wa ƙararrawar takarda, ki ce mata ta yi haƙuri sai na warke."

Nas ba ta yi dariya ba, ni ma haka.

Da yamma na tare Mai Makulli a bakin ƙofa. Mutum ne mai fara'a, wannan ba zan hana shi ba, gaisuwarsa kaɗai sai ta sa ka manta abin da ya kawo ka. Na faɗa masa abin da nas ta ce.

"Ai kin ji ku mata da ƙara gishiri," in ji shi. "Aikin zama ne fa. Ga kujera, ga fanka. Da tana kwance a ɗaki ba mai ce mata sannu, yanzu duk ginin ya san ta. Likitoci ma cewa suke mai suga ya riƙa motsa jiki."

"Ka ga ƙafar?"

"Ni ba na iya kallon miki, zuciyata tashi take yi. Amma ina tambayarta kullum, cewa take da sauƙi."

"Me kake so ta ce?"

Ya kaɗa makullansa. "Mai ɗinki, in kin daina ƙona rigunan mutane, ai da ta huta."

Wannan ta same ni, na kuma haɗiye, don gaskiya ce. Amma gaskiyar da aka ɗauko don a rufe wata ba ta burge ni.

Matarsa, wadda muke kira Maman Tagwaye, a shagon gyaran gashi take wuni. Na same ta tana shanya a bayan gini, na ce ko za ta riƙa karɓar Yaya ko da rabin wuni ne.

"Ni? In bar shagona in zo in yi gadin bango?" Ta yarfe zanen gado. "Kin san tun yaushe take gidan nan? Ci, sha, magani, wa ya taɓa yi mata gori? Yanzu don ta ɗan taimaki ƙaninta shi ne za a ce an zalunce ta. Kowa a gidan nan yana kawo nasa. Kuma in gaya miki, an riga an ja masa kunne: motar kwana-kwana ta sake zuwa a banza, aikin ya tafi, gidan ya tafi. Ita ma sai ta nemi inda za ta sa haƙarƙarinta."

Wannan maganar ce igiyar da suka ɗaure Yaya da ita. Ba su taɓa ɗaga mata murya ba. Kullum dai sai an tuna mata, cikin hira, cewa rufin da ke kansu a wuyanta yake rataye.

Mako na uku ta daina sa silifas, ta koma ɗaura leda a kan bandejin. Mako na huɗu ta ari sandar mofa tana dogarawa. Na ga hawanta da idona ranar da ɗaliban hawa na shida suka manta tukunya: hannu ɗaya a ƙarfen matakala, ɗaya a sanda, tana ƙirga numfashi, gumi na ɗiga daga haɓarta. A kowane hawa sai ta ɗaga kai ta dubi agogon hannunta. Ta murɗa makullin saura daƙiƙa goma sha. Saukowar kuwa a zaune ta yi ta, tana jan jiki daga taki zuwa taki kamar mai koyon rarrafe. Ɗaliban suka ba ta haƙuri da ruwan sanyi, suka rufe ƙofarsu.

Na bi gida-gida ina roƙon mutane su kula da girkinsu. Kowa ya ce Allah sarki, kowa ya ce ai ba da gangan ba ne. Na ce wa Yaya in ƙararrawa ta yi kuka ta ba ni makullin in hau. Ta ce, "Ke da kike sama, kafin ki sauko ki karɓa ki koma, lokaci ya ƙare. Kuma in aka ga makulli a hannunki, Auta ne zai shiga uku." Na ce zan kai maganar wurin masu ginin. Ta riƙe mini hannu ta ce in na yi haka ba ni ba ita. Na bari. Ina faɗa ne don a san ni ma ina cikin masu uzuri.

Ranar da nas ta ce yatsan ya fara baƙi, ta kuma ce gobe-gobe a kai Yaya asibiti, Mai Makulli ya shigo ɗakin allon da fara'arsa. Ina zaune a gefe. Ya zaro wani ɗan jan makulli daga cikin tarin nasa.

"Yaya, na samo miki mafita. Wannan na masu gyara ne. In ƙararrawa ta yi kuka, ki sa shi nan ƙasan allon ki murɗa, shi ke nan ta yi shiru. Ba hawa, ba sauka. Asibiti kuma sai ranar hutuna, ni zan kai ki da kaina."

Yaya ta dubi makullin, ba ta miƙa hannu ba. "In murɗa ban gani ba?"

"Me za ki gani? Wata biyu kina hawa, kin taɓa tarar da wuta? Burodi ne, albasa ce, guga ce."

"In ranar ta zama ba burodi ba fa? Matar hawa na takwas da jinjirinta, tsohon nan na hawa na biyar da ba ya ji sosai. In ce musu babu komai, alhali ban taka ba?"

"To kin ji. Mai ɗinki, ki zama shaida. Na ba ta sauƙi ta ƙi. In ta hau daga yau, taurin kanta ne ya hau da ita, ba ni ba."

Ya ajiye jan makullin a kan littafin ya fita yana kaɗa sauran. Wato ya wanke hannunsa ke nan. In ta hau, ita ta so. In ta murɗa a makance wani abu ya faru, ita ta murɗa. In ta bari kira ya tafi, ita ta raba 'ya'yansa da gida. Ban taɓa ganin mutum ya gina wa 'yar'uwarsa ɗaki mai ƙofa uku, kowace a kan rami, yana murmushi ba. Na fusata ba kaɗan ba.

Yaya ta daɗe tana kallon takardar shaidar da ke bango. Can ta ce, "Karanta mini abin da ke rubuce a ƙasan nan, idona ba ya kaiwa."

Ƙa'idojin aikin ne, layi biyar. Na karanta. Na ƙarshen cewa ya yi, in mai dubawa ya kasa isa wurin saboda kowane dalili, kada ya kashe ƙararrawa, ya bar kira ya tafi.

"Sake karanta na ƙarshen."

Na sake. Ta gyaɗa kai ta ce in miƙo mata ruwa.

Washegari da hantsi ina ɗakin, zazzaɓi ya rufe ta har haƙoranta na haɗuwa, ƙafar ta kumbura zuwa idon sawu. Ƙarfe goma sha ɗaya saura ƙararrawa ta tashi. Allon ya nuna hawa na takwas. Yaya ta miƙa hannu ta danna maɓallin an ji, lambobin suka fara sauka daga shida. Ta jawo sandar mofa, ta yunƙura, ta dafa ƙafar a ƙasa sau ɗaya. Sai ta koma ta zauna. Ta jawo bokitin shara ta kife shi, ta ɗora ƙafar a kai, ta jingina.

"Ke hau ki buga musu ƙofa su fito, ko da wani abu," ta ce mini. "Ni yau na gama hawa."

"Yaya, kira zai tafi."

"Na ji karatunki jiya."

Wayarta ta fara ruri, don allon na aika wa Mai Makulli saƙo duk lokacin da ƙararrawa ta tashi. Ta ɗauka ta sa a kunne. Ina jin muryarsa daga inda nake.

"Yaya, kin hau?"

"Ban hau ba, Auta."

"To murɗa jan. Yana nan kan littafi. Murɗa kawai."

"Ban gani ba, ba zan murɗa ba."

"Saura minti nawa? Yaya, don girman Allah, kin san abin da zai biyo baya. Tagwaye fa? A titi kike so su kwana?"

"Saura huɗu. In kana kusa, zo ka hau. Ƙafafunka biyu lafiyayyu, ni na koya musu tafiya."

Ta kashe wayar ta kife ta a cinya. Ni kuwa na kama matakala. Kafin in kai sama, duk da ta girme ni da shekara ashirin, ga ni da ƙafa biyu garau, sai da na tsaya sau biyu ina neman numfashi. Na tarar da mai jegon hawa na takwas tana fifita tukunyar madara da ta ƙone. Ba wuta ba ce. Ina tsaye a wurin na ji jiniya ta shigo layinmu.

Da na sauko, motoci biyu sun tare titi, mutanen ginin sun yi cirko-cirko a waje. Shugaban 'yan kwana-kwana, wani dogo mai furfura a gira, ya riga ya tura yaransa sama sun dawo. Ya shiga ɗakin allon ransa a ɓace. Ya dubi hoton da ke bango, ya dubi Yaya.

"Baba, ina mai wannan hoton?"

"Yana gari yana gyaran famfo, ranka ya daɗe."

"Wa ke duba ƙararrawar?"

"Ni. Wata biyu da kwana tara."

"An ba ki horo?"

"An nuna mini maɓalli."

"Me ya hana ki hawa yau?"

Ta sunkuya ta kwance ledar, ta warware bandejin da kanta. Warin ya cika ɗan ɗakin. Mutumin da ya saba shiga cikin hayaƙi sai da ya ja da baya taku ɗaya. Sannan ya ga jan makullin a kan littafin, ya ɗauka ya juya shi.

"Wannan fa?"

"An ce in riƙa murɗawa daga nan. Ban taɓa ba. Ku yi haƙuri da na fito da ku a kan madara, amma ba zan ce babu wuta a inda idona bai je ba."

Ya sa makullin a aljihunsa. "Baba, fitowar yau ba ta banza ba ce," ya ce, ya juya ya kira a kawo gadon ɗaukar marar lafiya.

Ana fito da ita Mai Makulli ya iso a guje, jakar aiki a kafaɗa. Bai dubi ƙafar ba, fuskarta ya duba. "Kin kyauta, Yaya. Kin tona mana asiri a gaban duniya."

"Shekara arba'in da biyar ina rufa maka shi, Auta," ta ce. Ta cire makullin daga wuyanta ta miƙa masa. "Ungo kayanka. Ƙafata ce ba zan ƙara maka da ita ba."

An yanke mata yatsu biyu. Likita ya ce da an ƙara kwana uku, daga gwiwa zai fara. Masu ginin ba su kori Mai Makulli ba, gargaɗin ƙarshe suka ba shi a rubuce, suka ce ko dai ya zauna a kujerar da kansa ko ya kwashe kayansa. Ya zauna. Ba wanda ya kwana a titi, duk da wata biyun da aka yi ana razana ta da titin.

Kada a zaci an gode mata. Dangi sun yi ta zuwa asibiti, kowa da irin nasa: ai da ta yi haƙuri, ai maganar gida a gida ake kashe ta, ai ƙaninta ne, me ya yi zafi. Ba wanda ya ce wa Mai Makulli me ya yi zafi. Maman Tagwaye ta aiko da kayanta a jaka biyu, wai ɗakin za a yi wa fenti. Na karɓi jakunkunan na hau da su hawa na bakwai, na matsar da keken ɗinkina, na sa gado kusa da taga. Ƙaninta bai leƙo asibiti ba, bai kuma hau ya gaishe ta ba, wai har yanzu zuciyarsa ba ta iya ɗaukar ganin miki.

Sati uku da sallamo ta, ina guga, wata mai kaya ta kira ni a waya, na sake barin dutsen a kan riga. Na rantse ba da gangan na yi ba, ko da yake Yaya har yau ba ta yarda ba. Ƙararrawa ta tashi. Muka ji lif ya sauka. Can sai ga kaɗawar makullai tana tahowa daga ƙasa, da sauri tukuna, sannan a hankali, sannan da tsayawa a kowane hawa. Yaya na zaune a kan gado, ƙafar a kan matashi, nas ta buɗe ta don ta sha iska. Tana kallon agogonta.

Ya iso ya dafa ƙofar da na bari a buɗe, rigarsa sharkaf, bai ɗago kai ba.

"Mai ɗinki... babu wuta ko? In murɗa?"

Na buɗe baki, Yaya ta riga ni daga cikin ɗaki.

"Ba a tambaya daga bakin ƙofa, Auta. Saura minti ɗaya da rabi. Shigo ka gani da idonka."

Teburin guga yana gefen gadonta, babu wata hanyar zuwa wurinsa. Ya shigo.